Rasmata da Taron Litinin

Bature mai kamfanin man angurya na Zamdogo bai yi wa kowa sallama ba. Sojoji sun karɓi mulki a Wagadugu suna kiran juyin juya hali, rediyo kullum sai zagin 'yan jari-hujja, shi kuwa ya garƙama wa ƙofa kwado ya hau jirgin ƙasa zuwa Abijan, wai zai je ganin likita. Aka yi ta zuba ido har damina ta wuce, likita bai sallamo shi ba.

Rasmata Zongo ce ta fasa kwadon. Ma'aikaciya ce a ɓangaren sabulu, mai yanka shi sanda-sanda, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Wata safiya ta aro guduma wajen maƙeri, ta ratsa ma'aikatan da ke zaune a gindin katanga suna jiran abin da ba su sani ba, ta buge kwadon ya faɗi.

"Wanda ya ke jiran Bature ya ci gaba da zama," in ji ta. "Ni dai 'ya'yana ba sa cin jira."

Suka bi ta ciki. Masu inji suka share tsatsa, masu tukunyar tururi suka hura wuta, kafin wata ya mutu ƙanshin mai ya sake cika unguwar tasha. Tun da ba mai gida, sai suka mai da rumfar angurya majalisa. Kowace Litinin da safe a kan taru a zauna kan buhuna, a yi gardama kan komai, daga farashin jarka har wa zai share magudanar ruwa, sannan a ɗaga hannu. Hannun mai gadi da na babban makaniki ɗaya ne. Suka zaɓi kwamiti, da sharaɗin duk ranar da aka gaji da mutum a sauke shi a wurin. Rasmata suka ɗora a kai.

Yayanta Tinga bai ji daɗin abin ba. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya tsufa a ƙungiyar ƙwadago, har ya taɓa tsayawa takara a wata jam'iyyar gurguzu kafin sojoji su rushe tsofaffin jam'iyyu. Ranar kasuwa ya tare ta wajen mai sayar da shinkafa da wake, ya jingine kekensa.

"Shugaba, a ba mu wuri mu zauna, ko sai an ɗaga hannu?"

"Zauna, Yaya. Kujerar majalisar da ba ka samu ba, ga benci."

Ya yi dariya, amma da aka zubo abinci sai ya gintse fuska. "Rasmata, abin da kuke yi ba shi da ƙafa. Wace doka ce ta ba ku kamfanin nan? Gobe mai bindiga ya zo ya ce nasa ne, kotun wa za ki je?"

"Doka ce ta hana Bature gudu?"

"Dokar ba ta da kyau, sai a gyara ta. Haka muka samo hutun haihuwa, haka muka samo fansho. Da yaji, da zaman tebur, da ƙuri'a. Kaɗan-kaɗan, amma abin da aka rubuta a doka ba ya gudu. Gurguzun da na sani ke nan: a bar mutane su yi magana, su zaɓa, a tatsi mai kuɗi a gina asibiti."

"A bar mai kuɗi da kamfaninsa ke nan, mu kuma mu yi ta roƙon ƙari har mu mutu."

"A sa masa linzami."

"Yaya, shekara nawa kana riƙe da linzamin nan? Shi yana Abijan yana shan iska, kai kana kan keke."

Ya tura mata barkono. Sun saba. Tun suna yara bakinsu bai taɓa zuwa ɗaya a kan wata magana ba.

Wanda zai ce kamfanin nasa ne ya iso bayan girbin auduga, kuma ba baƙo ba ne. Lasina Pare ya taɓa koyarwa a makarantar firamaren Zamdogo, da yamma kuma ya kan koya wa ma'aikata karatu a ofishin ƙungiya. A bakinsa Rasmata ta fara jin kalmar jari-hujja, shi ya nuna mata yadda gumin mai yanka sabulu ke komawa gidan bene a wata ƙasa. Yanzu ya dawo a matsayin wakilin gwamnatin juyin juya hali, da rigar saƙi da ƙaramar bindiga a ƙugu. Shi ɗan Samo ne, ita 'yar Mosi, wasa tsakaninsu gado ne.

"Wa ya sake mini baiwata har ta zama shugaba?" in ji shi tun daga ƙofa.

"Lale da bawana! An ba ka bindiga don tsaron tukunyar burkutu?"

Suka tafa, suka yi dariya har ma'aikata suka taya su. Ya zagaya kamfanin, ya shinshina mai, ya yaba ƙwarai, kuma Rasmata ta ga yabon daga zuci ne. Sai da aka zauna taron Litinin ya fito da abin da ya kawo shi. Gwamnati ta karɓi kamfanin ya zama na ƙasa. Za a turo darakta daga Wagadugu. Kwamiti zai sauka.

Rasmata ta miƙe.

"Malam, kai ka koya mana cewa inji na mai aiki da shi ne."

"Na ce na ma'aikata ne, Kwamared. Ban ce na ma'aikatan Zamdogo kaɗai ba." Ya juya ga taron. "Ku nawa ne a nan? Ko ɗari ba ku cika ba. Manoman da suka noma audugar nan fa, suna da hannu a rumfar nan? Matar ƙauye da ke dafa miya ba mai, an tambaye ta? Na bincika. Kusan duk manku 'yan kasuwa ke saye su tsallaka da shi iyaka, don su ne ke biya da tsada. Ban zarge ku ba, ciki ne. Amma idan kowane kamfani ya zama gonar ma'aikatansa, mun kori Bature ɗaya mun haifi ƙananan Turawa dubu. Dole a samu wanda ke kallon ƙasar gaba ɗaya, ya ce mai kaza arewa, siminti kaza kudu. Wannan aikin gwamnati ne, gwamnati kuma tana hannun jam'iyyar masu juyi."

Maganar ta shiga Rasmata, don ta san batun 'yan kasuwa gaskiya ne. Ta ji kunya, kunyar kuma ta ƙara mata zafi.

"Batun farashi, ka yi gaskiya. Ka kawo manoma su zauna da mu, mu yanke tare. Ka kawo matan ƙauye. Rumfar za ta ɗauke mu, in ba ta ɗauka ba mu fita fili. Amma darakta? Wa ya zaɓe shi? In ya zalunce mu, za mu iya sauke shi ranar Litinin?"

"Za ku kai ƙara ga jam'iyya."

"In jam'iyyar ce ta zalunce mu fa?"

"Jam'iyyar ma'aikata ba ta zaluntar ma'aikata."

Daga bayan rumfa wani ya yi tari mai ƙarfi. Tinga ne, ya shigo a matsayinsa na dattijon ƙungiyar ƙwadago ta gari.

"Malam Lasina, gafarta mini. Wannan jam'iyyar, yaushe muka zaɓe ta? Ko ina barci aka yi?"

"Dattijo, zaɓenku mun gan shi. Mai kuɗi ya raba gishiri, hakimi ya nuna akwati, talaka ya jefa wa maƙiyinsa. Shekara nawa kuna haka? Ku masu facin jari-hujja ne, mu rushe shi muka zo yi."

"Ku rushe, ba mu hana ba. Amma ku bar mana bakinmu."

"Ita kuma," in ji Lasina, ya nuna Rasmata, "ra'ayinta yana da suna a littattafai. Masu cewa ba gwamnati, ba jam'iyya, kowa sarkin injinsa. An gwada a wurare, an murƙushe su cikin sauƙi, don ba su da kai."

Rasmata ta ce, "Muna da kai, Malam. Ga su nan kana gani, kowa da nasa a wuyansa."

Aka fashe da dariya da tafi. Da aka ce a ɗaga hannu, kusan duk rumfar ta ƙi darakta. Lasina bai yi fushi ba. Ya dube ta kamar mai tausayi, ya ce, "Baiwata, kin ɗauko kaya," ya fita.

Ba a turo soja ba. Angurya kawai aka daina kawowa, don auduga duk gwamnati ke saye. Taragon da ya saba tsayawa bayan kamfani ya riƙa wucewa ba ya ko rage gudu. Rasmata da kwamitinta suka hau amalanke suka shiga ƙauyuka neman gyaɗa da kaɗanya. Matan ƙauye suka ba su abin da za su iya, wasu ma suka zo taron Litinin suka zauna suka yi magana, abin da ya faranta mata rai fiye da komai. Amma abin da amalanke ke kawowa ba ya ƙosar da inji. Babban injin matsa ya lalace, kayan gyaransa sai da izinin shigo da kaya, izini kuma a Wagadugu yake. Rabon da ake yi ƙarshen wata ya yi ta ƙanƙancewa. Mutane suka fara sayar da awaki. Wata mai naɗe sabulu mai suna Pogbi ta cire ɗanta daga makaranta, ta kuma daina gaida Rasmata.

Duk wannan lokacin Tinga na ta zirga-zirga tsakanin Zamdogo da Wagadugu a jirgin ƙasa, yana bin tsofaffin abokansa na ƙungiya ofis-ofis. Da ya dawo ya same ta a gida tana tuƙa tuwo.

"Na samo abin da zai samu," in ji shi. "Kamfani na gwamnati ne, darakta zai zo. Amma ba za a kori kowa ba, ƙungiyarku tana nan, kuna da wakilai biyu a hukumar kamfani. Angurya za ta dawo."

"Wakilai biyu cikin nawa?"

"Cikin tara."

Ta ajiye muciya. "Ka sayar da mu da kujera biyu, Yaya."

"Na sayo muku tuwo. Je ki ki dubi gidan Pogbi sannan ki zo ki gaya mini maganar sayarwa."

A taron da ya biyo baya Rasmata ta yi magana kamar ba ta taɓa yi ba. Ta tuna musu ranar da suka shiga da ƙafarsu, ta tuna musu cewa sun riƙe kamfani ba mai tsawa a kansu kuma bai rushe ba. Ta ce yunwar nan kawo ta aka yi da gangan, in suka durƙusa yau ba za su sake miƙewa ba. Suka saurare ta ba wanda ya katse. Sai Pogbi ta tashi.

"Rasmata, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma na gaji."

Aka ɗaga hannu. Masu karɓar sulhu suka rinjaya da nisa. Da aka kira masu ƙi, Rasmata ta tsaya da hannunta a sama tare da 'yan tsiraru, tana kallon mutanen da suka bi ta ciki ranar guduma suna kau da ido. Wani saurayi makaniki ya matso ya raɗa mata cewa mabuɗan suna hannunta, in ta ƙi bayarwa su masu inji za su tsaya mata, a rufe ƙofa a ga wanda zai shigo. Zuciyarta ta so. Ta daɗe tana juya mabuɗan a hannu.

"A'a," in ji ta da ƙarfi don kowa ya ji. "Taro ya yanke. In na bi taro ranar da ya bi ni kaɗai, to ni ce daraktan."

Lasina, da ke zaune gefe, ya miƙe yana murmushi. "Madalla, Kwamared. To ki gaya musu kin gane kuskurenki, a wuce wurin."

"Kuskuren wa? Na ce na bi, ban ce na yarda ba. Kuskure dai yau aka yi shi, kuma ina nan zan yi ta faɗa har kunnenku ya gaji."

Ta ajiye mabuɗan kan buhu, ta koma teburin yankan sabulu.

Darakta ya zo, mutum mai natsuwa da ya yi karatun tattalin arziki. Gaskiya mai ya riƙa isa kantunan ƙauye da araha, har Rasmata ta faɗa da bakinta cewa wannan kam an yi daidai. Amma rumfar angurya ta koma rumfar angurya. Wakilan nan biyu su kan je zama su dawo su ce an saurare su. Aka ƙara awoyin aiki don cika adadin da Wagadugu ta yanka, aka zaftare albashi wai gudummawar juyi, duk ba a tambayi kowa ba.

Ba Zamdogo kaɗai abin ya shafa ba, don haka ƙungiyoyin ƙwadago suka fara ƙorafi a fili. Tinga, mutumin tebur da haƙuri, ya tsaya a filin tasha ya ce a mayar wa mutane albashinsu, a kuma sa ranar zaɓe. Washegari da hantsi samari masu bindiga suka ɗauke shi daga ƙofar gidansa, rediyo ta kira irinsa maƙiyan juyi.

Labari ya iske Rasmata tana tsakar aiki. Ta ajiye wayar yanka, ta wanke hannu, ta bi ɓangare-ɓangare ba gudu ba ihu.

"An kama Yaya Tinga. Shi ya samo muku sulhun da kuka zaɓa. Ni zan tafi bariki. Ban ce kowa ya bi ni ba, amma ina so a ɗaga hannu."

A tsakar fili aka yi, a tsaye, darakta na leƙe ta taga. Hannun Pogbi ne ya fara tashi. Masu tukunya suka kashe wuta, injuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

A bakin ƙofa suka ci karo da Lasina, ya sauko daga mota yana haki. Ya rame, idanunsa sun faɗa, ba wasa a bakinsa yau.

"Rasmata, ki mai da su. Wannan yajin aiki ne, kin san an hana. Wa kuke yi wa yaji? Kamfanin naku ne, gwamnatin taku ce. Kanku kuke yi wa?"

"In mu ne gwamnati, Malam, yaya aka yi muka kama yayana ba mu sani ba?"

"Ba ni na sa a kama shi ba. Na yi magana, ba a ji ba." Ya sassauta murya. "Maƙiya sun kewaye mu ciki da waje. In kowa ya ja nasa, za su dawo su kwashe komai, har man da ke isa ƙauye. Ki ba mu lokaci."

"Na yarda akwai maƙiya. Tsoho mai keke ba ya cikinsu. Kai ma ka sani, shi ya sa ba ka iya kallona."

"Zan iya sa a harbe ku a hanya."

"Za ka iya. Matsa mana, bawana, rana na yi."

Ya dube ta, sannan ya ja gefe. Suka wuce shi, suka ratsa kasuwa, mata masu kaɗanya suka bar kayansu suka shiga sahu, ma'aikatan tasha suka biyo baya. A gaban bariki suka zauna a ƙasa cikin rana. Sojoji suka ɗana bindigogi, suka yi barazana, suka watsa musu ruwa, ba wanda ya tashi. Da magariba suka koma gida, da safe suka dawo. Haka suka yi ta yi har mai ya fara yankewa a kantuna, Wagadugu ta fara tambaya.

Aka saki Tinga ba tare da an kai shi kotu ba, abin da ya fi ɓata masa rai ke nan, don ya shirya jawabin da zai yi wa alƙali. Albashin da aka zaftare ba a mayar ba. Rasmata da makanikai uku aka kore su daga aiki, aka rubuta cewa masu zagon ƙasa ne. Lasina kuwa aka ɗauke shi daga Zamdogo aka tura wani ƙauye can arewa ya koma aji, saboda ya bar hanya. Bai zo sallama ba, amma ya aiko mata da goro.

Ta kafa tukunya a bayan gidanta tana dafa sabulun kaɗe tare da waɗansu mata, suna kai wa kasuwa. Ma'aikatan kamfani su kan biyo da yamma su gaya mata abin da darakta ya sake yankewa, ita kuma ta tambaye su me suka yi a kai. Tinga, wanda bariki ta bar shi da ɗingishi, nan ya mai da wurin zamansa.

"Kin ga dai abin da nake gaya miki," in ji shi wata rana. "Da akwai kotu mai 'yanci da majalisa, da ba a taɓa ni ba."

"Kotu ce ta fito da kai, Yaya? Mu muka fito da kai, da zaman ƙasa."

"Kuka fito da ni, aka kore ki. Wace doka za ta mai da ke?"

"Ba doka nake jira ba. Ranar da suka shirya, da ƙafata zan koma."

"Taurin kai dai, tun kina goye."

"Matso da itacen nan, wuta na mutuwa. Kuma in za ka zauna a nan, sai ka juya tukunya. Ba ma ciyar da 'yan majalisa."